Sandar Kamun Salmon Mai Sauƙin Kuɗi: Daga Ina Ake Fara Zaɓe?

Wani ƙanena da zaman jihar Washinton ta Amurka ya haɗa mu, ɗan Yawuri ne da ya tashi a bakin Neja yana fatsa da sandar gora da tana, ya kira ni wata ranar Asabar a watan Yuli. Ya ce, "Yaya, ga ni a shagon kayan kamun kifi. Sanduna sun fi ɗari a jere, wata dala 40, wata dala 600, kuma kowacce an rubuta mata salmon a jiki. Wacce zan ɗauka?" Na ce masa ya mayar da kuɗinsa aljihu tukuna, ya faɗa mini abu uku: wane salmon yake nema, a wane ruwa, kuma daga gaɓa zai jefa ko daga cikin jirgi. Ya yi shiru, domin bai san kifin iri-iri ba ne. A nan yawancin masu farawa suke tuntuɓe. Suna tambayar farashi tun kafin su san aikin da sandar za ta yi, shi ya sa wani yakan kashe kuɗi mai yawa ya koma gida da abin da ba zai amfane shi ba.

Sunan salmon ɗaya ne, kifayen da ke ƙarƙashinsa kuwa sun bambanta ƙwarai. A gaɓar Tekun Fasifik ta Arewacin Amurka iri biyar ake kamawa. Ƙaramin cikinsu shi ne pink, wanda nauyinsa yakan tsaya tsakanin kilo ɗaya da rabi zuwa biyu da rabi, kuma a yankin Puget Sound, wani mashigin teku a jihar Washinton, a shekarun mara yake shigowa da yawa, wato irin su 2023 da 2025. Sockeye ya ɗan fi shi. Coho da chum sukan kai kilo huɗu zuwa shida. Babban yayansu shi ne Chinook, wanda masunta suke kira sarki: kilo biyar zuwa goma sha biyar ba abin mamaki ba ne a wurinsa, kuma wanda Les Anderson ya kama a Kogin Kenai na Alaska a 1985 ya kai laba 97 da oza 4, sama da kilo 44 ke nan. A ɗaya ɓangaren duniya akwai salmon na Tekun Atilantika, na kogunan Sikotilan da Norwe da Ailan da gabashin Kanada. Mafi girma da aka taɓa kamawa da sanda a Birtaniya wata mace ce, Georgina Ballantine, ta kama shi a Kogin Tay a 1922, laba 64, bayan ta shafe kimanin awa biyu suna ja-in-ja. Kai da ganin wannan tazarar ka san sandar da ta dace da pink ba za ta riƙe Chinook a ruwa mai gudu ba, kamar yadda ba a tunkarar giwan ruwa da fatsar kama karfasa.

Akwai kuma wata ɗabi'a ta kifin nan da ta shafi zaɓen sanda kai tsaye. A kogi ake ƙyanƙyashe shi, ya gangara teku ya yi shekaru yana kiwo, sannan ya dawo kogin da aka haife shi don ya yi ƙwai. Yana dawowa da ƙiba da ƙarfin da ya tara a teku, amma da zarar ya shiga ruwan daɗi sai ya daina cin abinci. Abin da ke sa ya cafki koto a kogi ya fi kama da fushi ko sabo, ba yunwa ba. Saboda haka sau da yawa cafkar tasa ba ta da ƙarfi, wani ɗan tsaiko ne kawai za ka ji a igiya, ya ɗauka ya tofar cikin daƙiƙa. Idan ƙugiya ta kama shi kuwa, nan take zai zabura, ya yi tsalle, ya riƙa kaɗa kai. Ana son sanda mai isar da ɗan motsi zuwa hannu, kuma mai shanye fizga. Waɗannan buƙatu biyu suna jan juna, kuma duk muhawarar da ake yi a kan sanduna a tsakaninsu take.

Kafin a kalli farashi, a karanta rubutun da ke jikin sandar, daidai saman mariƙi. Abu huɗu ake rubutawa. Na farko tsawo, da ƙafa da inci. Na biyu ƙarfin igiyar da aka ƙera ta dominta, misali laba 10 zuwa 20. Na uku nauyin koto da dalmar da za ta iya jefawa, misali daga rabin oza zuwa oza ɗaya da rabi. Oza ɗaya kimanin giram 28 ce. Na huɗu shi ne wanda ya fi ruɗa mutane, domin abu biyu ne ake ɗauka ɗaya: ƙarfin sanda da kuma yanayin lanƙwasarta.

Ƙarfi yana nufin yawan nauyin da ake buƙata kafin sandar ta lanƙwashe. Shi ne ake rubutawa Light, Medium, Medium Heavy ko Heavy. Yanayin lanƙwasa kuwa yana nufin wurin da take tanƙwarewa. Wadda aka rubuta wa Fast kanta kawai ke rusunawa, sauran jikin ya tsaya ƙiƙam. Wadda aka rubuta wa Moderate tana lanƙwasa har wajen tsakiya. Slow kuwa tun daga kusa da hannu take yin baka. Ana iya samun sanda mai ƙarfi sosai amma mai lanƙwasa har tsakiya, ana iya samun mara ƙarfi mai tauri a gindi. Mai saurin kai ta fi isar da labari zuwa hannu, kuma ta fi saurin soka ƙugiya. Mai lanƙwasa har tsakiya ta fi haƙuri da kifi idan ya fara kaɗa kai. Ga wanda yake farawa, ni na fi karkata ga wadda ke tsakani, domin kifin da mai koyo yake rasawa yawanci bayan ya kamu ne yake kuɓucewa. A wurare da dama, ciki har da ruwan Puget Sound, doka ta hana amfani da ƙugiya mai ƙaya wajen kamun salmon. Ƙugiya mara ƙaya ba abin da ke riƙe ta a bakin kifi sai ɗaurewar igiya. Igiya ta saki na ƙiftawar ido, kifi ya tafi. Sanda mai baka ita ke ci gaba da jan igiyar a daidai lokacin da hannunka ya makara.

Wannan ne kuma ya sa sandunan salmon suke da tsawo. Mafi yawansu daga ƙafa 8 da rabi suke farawa zuwa ƙafa 10 da rabi, wato daga kimanin mita 2.6 zuwa 3.2. Ƙanen nan nawa da ya ga tsawon sai ya ce, "Yaya, wannan ai sai a kaɗo mangwaro da ita." Amma tsawon yana da aiki uku: yana kai jifa nesa, yana ɗaga igiya daga kan ruwa don kada gudun kogi ya ja ta, kuma yana ba da dogon jiki mai shanye fizgar kifi ta yadda igiya siririya ba za ta tsinke ba.

Daga nan sai salon kamun. Wanda ya fi yawa a kogunan Washinton da Oregon shi ne a jefa koto da 'yar dalma sama da inda ake zaton kifi yake, a bar ruwa ya gangaro da su, dalmar tana taɓa duwatsun ƙasa tana tashi. Mai wannan salo da yatsunsa yake gani. Dole ya bambanta bugun dutse da cafkar kifi, don haka yana son sanda mara nauyi mai saurin kai, ƙafa 8 da rabi zuwa 9 da rabi. A nan ne kawai zan yarda cewa ƙarin kuɗi yana sayo wani abu da hannu zai ji. Salo na biyu shi ne na rataya koto a ƙarƙashin ɗan abu mai iyo, irin aikin da totuwar kara take yi wa yaranmu a bakin gulbi. A wannan ido ne ke aiki: abin ya nutse, ka ɗaga. Tsawo ake buƙata, ƙafa 10 zuwa sama, jin motsi bai dame ka ba, saboda haka sanda mai araha ta wadatar sarai. Na uku shi ne jefa koton ƙarfe mai walƙiya daga gaɓar teku ko daga kan gada a riƙa naɗowa, yadda ake kama pink da coho. Sandar ƙafa 9 mai matsakaicin ƙarfi ta gama magana. Na huɗu shi ne jan koto a bayan jirgi mai tafiya a hankali, salon da ya mamaye teku da manyan tafkunan Amurka, musamman Tafkin Michigan inda aka zuba coho a 1966 don su rage wani ƙaramin kifi da ya addabi tafkin. A wannan salo sandar tana zaune a mazauninta a gefen jirgi, a lanƙwashe awa da awanni, ba a riƙe ta a hannu sai kifi ya kamu. Ba dalilin biyan kuɗin rashin nauyi ko jin motsi. Sanda mai arha mai juriya ita ce daidai, kuma masu jiragen haya da yawa irinta suke jerawa.

Kamun salmon da koton gashi mai siffar ƙwaro, wanda Sikotilan ta shahara da shi, wata duniya ce daban. Sandunansa na hannu biyu ne, ƙafa 12 zuwa 15, kuma salon jifar ya samo sunansa daga Kogin Spey. Igiyarsa kaɗai tana iya cin kuɗin cikakkiyar sandar jifa ta talakawa, ga kuɗin izinin mai kogi. Wanda yake lissafin aljihu ba ta nan zai fara ba.

To me ya sa wata dala 50, wata dala 500? Babban dalili shi ne abin da aka ƙera jikin da shi. Faibagilas, wato zaren gilashi da ake haɗewa da wani irin danƙo, ya shigo a shekarun 1940 ya ture gora da ƙarfe. Yana da nauyi, yana lanƙwasa sosai, kuma da wuya ya karye. A 1973 kamfanin Fenwick ya fito da sandar girafait, wato ta zaren kabon, wadda ta fi sauƙi a hannu kuma ta fi isar da motsi. Tun daga nan masu ƙira suke tseren samar da girafait mai ƙarin tauri, domin gwargwadon taurinsa gwargwadon yadda za a sirantar da bangon sandar a rage mata nauyi. Abin da mai shago ba ya cika faɗa shi ne bango siriri ba ya jure bugu. Sanda mai tsada ta gogi dutse, ko dalma ta dawo ta buge ta, sai ta yi rauni a ɓoye ta karye wata rana a kan kifi. Wato kuɗin da ka ƙara rashin nauyi da jin motsi ya sayo maka, bai sayo maka ƙarko ba. Alamomin IM6, IM7 da IM8 da ake bugawa a jiki kuma kada su ruɗe ka, domin babu ma'auni ɗaya da dukkan kamfanoni suke bi. IM8 na wannan kamfani ba lallai ya fi IM7 na wancan ba.

Tsakanin biyun akwai sandar gauraye, girafait da faibagilas a jiki ɗaya. Mafi shahara ita ce Ugly Stik da kamfanin Shakespeare ya fitar a 1976, wadda aka san ta da taurin rai, ko da yake ta fi takwarorinta nauyi kuma ba ta kai su jin motsi ba. Kamfanin Okuma na Taiwan yana da Celilo da SST, sandunan girafait da aka yi musamman don salmon, waɗanda masu farawa a wannan yanki suke yawan saye. Ugly Stik da Celilo duka ana samunsu ƙasa da dala 100. A sama can akwai irin su G. Loomis, da ake ƙerawa a garin Woodland na Washinton, masu cin ɗaruruwan daloli. Suna da kyau ƙwarai, kuma mutumin da yake kwana ɗari a shekara a bakin kogi zai ji bambancin a kafaɗarsa da yamma. Mai zuwa sau goma a shekara ba zai kama kifi ko ɗaya ƙari ba saboda su.

Sunan Celilo ɗin nan yana taɓa ni duk lokacin da na gan shi a jikin sanda. Sunan wani magangarin ruwa ne a Kogin Columbia inda 'yan asalin ƙasar suka yi dubban shekaru suna kama salmon da homa mai dogon mariƙi daga kan dandamalin katako, ana zuwa cin kasuwarsa daga nesa. A 1957 aka rufe ƙofofin madatsar The Dalles, ruwa ya haɗiye wurin cikin 'yan awanni. Da na ba ƙanen nawa wannan labari ya daɗe bai ce komai ba, domin shi ma ya taso yana jin manya suna ba da labarin garuruwan da ruwan Kainji ya ci.

Inda sanda mai araha take yawan ba da kunya ba a jikinta ba ne, a kayan da aka ɗora mata ne. Duba zobban da igiya take bi ta ciki. Kowane zobe yana da wani ɗan da'irar tangaran a ciki, kuma idan ya tsage ko ya fita, bakin zai riƙa cin igiya a hankali har ta tsinke ranar da babban kifi ya ja. Gwajin mai sauƙi ne: ɗauki auduga irin ta goge kunne ka zagaya da ita cikin kowane zobe. In ta kama ko ta bar zare, akwai tsaga. Haɗa gaɓoɓin sandar biyu, ka ɗaga ta ka leƙa ta cikin zobban kamar mai saitin bindiga, ka ga ko sun jeru. Kaɗa ta a hankali ka saurara. In ka ji ƙas-ƙas a mahaɗa, ajiye ta. Ɗaura kwarkwaron naɗe igiya a mazauninsa ka murɗa, ka tabbata ba ya girgiɗi. In a ruwan gishiri za ka yi aiki, zobba su zama na ƙarfen da ba ya tsatsa, kuma a wanke komai da ruwan daɗi bayan kowace fita. Wannan dubawar ita ce kuma hanyar sayen ta-hannu, inda ake samun sanda mai kyau a rabin kuɗi, sai dai a ƙara da shafa jikin da yatsa daga gindi har kai don neman ƙarzuwa mai zurfi. Gaɓa biyu ta fi gaɓa ɗaya ga mai ƙaramar mota ko mai zama a ɗakin haya, kuma a sandunan yanzu mahaɗar ba ta rage wani abin a-zo-a-gani.

Shawarar da na fi nanatawa ita ce kada kuɗin duka ya ƙare a kan sanda. Idan dala 150 gare ka, sanda ta ci 60 ko 70, sauran ya tafi ga kwarkwaro da igiya. Lokacin da Chinook ya zabura ya nufi tsakiyar kogi, ba sanda ce ke tsayar da shi ba, birkin kwarkwaro ne yake sakin igiya a hankali yana gajiyar da shi. Birki mai kyau yana saki sumul. Mara kyau yana kamewa ya saki, ya kame ya saki, kuma a ɗaya daga cikin kamewar nan igiya take tsinkewa. A shago ma ana iya gwadawa: ɗaure birkin kaɗan, ka ja da hannu ka ji ko yana tafiya bai ɗaya. Kwarkwaron da ke rataye a ƙarƙashin sanda ya fi sauƙin koyo. Da lamba ake nuna girmansa: mai lamba 3000 ko 4000 ya isa pink da coho, 4000 zuwa 5000 don Chinook. Wanda ke zama a saman sanda ya fi ba da iko, amma yana cukurkuɗe igiya a hannun mai koyo. A lura, kowanne da irin sandarsa, ba a musanyawa. Igiya kuwa a saya sabuwa mai kyau, roba mai laba 12 zuwa 20 ko saƙaƙƙiya mai laba 30 zuwa 40. Saƙaƙƙiyar ba ta ƙara tsawo idan an ja ta kamar yadda ta roba take yi, don haka tana ƙara wa sanda mai araha jin motsin da ta rasa, abin da ke rage tazarar da ke tsakaninta da mai tsada da kuɗi kaɗan.

Na taɓa tsayawa kusa da wani bawan Allah a bakin kogi da sassafe, ruwa har gwiwa, hazo bai gama tashi ba. Ya kamo coho mai kyau, ya yi fama da shi har ya kawo shi gaban ƙafafunsa, azurfar jikinsa tana walƙiya a ruwa mara zurfi. Ba shi da homa. Sai ya ɗaga sandar tsaye cak, har ta wuce kansa ta baya, ya miƙa ɗaya hannun zai kama igiya. Nauyin kifin duka ya koma kan siririn kan sandar. Kifin ya kaɗa sau ɗaya, muka ji ƙaras, wajen taƙi biyu na kan ya zame ya bi igiya ya gangara har bakin kifin. Sandar mai tsada ce, na ga sunan. Ƙarfin sanda a gindinta yake, kuma ba ya aiki sai an riƙe ta a karkace, ba a miƙe sama ba. Mafi yawan sandunan da na ga sun karye ta haka suka karye, ko a ƙofar mota, ko wajen fizgar ƙugiyar da ta maƙale a dutse. In ƙugiya ta maƙale, a miƙe sandar ta kalli wurin, a ja da baya a tsinke igiyar. Homa mai sauƙin kuɗi tana kare sanda fiye da kowace takardar garanti.

Saura abu ɗaya da ya kamata ya zo tun kafin a shiga shago: dokar ruwan da za ka je. Salmon yana cikin matsi a wurare da yawa. Kalifoniya ta rufe kamun salmon a tekunta a 2023 da 2024. A Yunin 2024 Norwe ta rufe koguna 33 saboda ƙarancin kifin da ya dawo. Kenai ɗin da ya ba da wancan ƙaton Chinook ya sha rufewa ga masu neman irinsa a shekarun nan. A Washinton sai da lasisi da katin rubuta abin da ka kama, kuma a wurare da yawa kifin da aka ƙyanƙyashe a gidan kiwo kaɗai ake ɗauka. Ana gane shi da yanke ɗan ƙaramin fiffiken da ke bayansa kusa da wutsiya, mai cikakken fiffike kuwa a sake shi. A Sikotilan sai da izinin mai haƙƙin kamun, kuma ba a kamun salmon ranar Lahadi. Amfanin sanin wannan ga mai sayen sanda a fili yake: idan a yankinka an rufe Chinook, coho da pink ne a buɗe, babu dalilin sayen sanda mai nauyi. Kuma idan sakin kifi za ka yi, kada sandar ta yi rauni har faɗan ya ja lokaci, domin kifin da aka gajiyar fiye da kima yakan mutu ko bayan an sake shi.

Ƙanen nawa daga gaɓa zai jefa, pink da coho yake nema, wataƙila ya gwada kogi in kaka ta yi. Muka koma shagon tare ranar Lahadi. Ya ɗauki sandar ƙafa 9, gaɓa biyu, matsakaicin ƙarfi, mai ɗaukar igiyar roba ta laba 8 zuwa 17, muka bi zobbanta ɗaya bayan ɗaya da auduga. Ya haɗa da kwarkwaro mai lamba 4000, da saƙaƙƙiyar igiya mai laba 30, da homa, da koton ƙarfe uku masu launin hoda. Lasisi da katin muka fara biya kafin komai. A watan Agusta ya aiko mini da hoton pink biyu kwance a kan tsakuwa, ya rubuta a ƙasa cewa na uku ya kuɓuce masa a bakin gaɓa, kuma ya gane birkin ne ya ɗaure da yawa.